Tambayi Bakanike: Me Ke Cinye Haƙoran Giyar Jirgin Ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Yauri ne, shekara 4 ke nan ina tuƙa wa wani maigida jirginsa na shaƙatawa a Legas. Injin MerCruiser 4.3 ne a cikin jirgin, ƙafarsa ta baya kuma Alpha One. Asabar da Lahadi muke fita, daga Ikoyi zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe. Bara giya ta watse mana a tsakiyar ruwa, sai da aka jawo mu. Aka gyara, ba a cika wata 7 ba ta sake. Duka biyun da aka kwance, man giyar fari ya fito kamar kunun gyaɗa. Maigida ya ce hannuna ne ba kyau, bakanikenmu ya ce kayan gyaran yanzu duk jabu ne. Baba ina tsoron rasa aikina. Don Allah laifin wa ne? Daga ɗanka, direban jirgi a Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya tsare hanyar abinci. Ka riga ka ba ni amsar a cikin wasiƙarka ba tare da ka sani ba. Man giya mai lafiya garau yake, kana ganin haske ta cikinsa. In ya koma fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ne ya shiga aka dama su tare. Hannun direba kuwa ba ya zuba ruwa a giyabos. Saboda haka kafin a tuhume ka, a fara tambayar ta ina ruwan ya bi.

Bari in bayyana wa masu karatu irin injin da muke magana a kai, domin ba shi ne aka saba gani a Yauri ko Baga ba. Namu na gida injin ratayawa ne, kansa da ƙafarsa a haɗe. Wannan kuwa injin yana zaune cikin jirgi kamar na mota, ƙafar kaɗai ke waje, manne da bangon baya. Kamfanin Volvo Penta ne ya fara fitar da irinsa na zamani kasuwa a 1959, MerCruiser ya biyo baya a 1961. Ƙarfin injin yana fitowa a miƙe, ya bi ta kuros, wato gaɓar ƙarfe mai lanƙwasuwa da ke haɗa injin da ƙafar, ya tarar da giyoyi biyu a sama su karya shi zuwa ƙasa, sannan a ƙasa wasu giyoyin su sake karya shi zuwa farfela. Lanƙwasa biyu ke nan, kuma a kowace lanƙwasa haƙora ne ke cizon haƙora. Duk ƙarfin wannan inji a kan 'yan haƙoran da ba su fi kan yatsa ba yake sauka. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin shi ne ɗan man da ya fi fatar albasa siranta, kuma duka man da ke cikin ƙafar bai wuce lita 2 ba.

To in ruwa ya gauraya da wannan mai, ya daina riƙe nauyi. Haƙoran su riƙa gogar juna, su yi zafi, fuskarsu ta fara ɓarewa 'yan ramuka-ramuka. Mafi muni kuma shi ne kwana biyar ɗin da jirgin yake yi a ɗaure daga Litinin zuwa Juma'a. Ruwan ya rabu da mai ya kwanta ƙasa, daidai inda boris da giyoyin ƙasa suke, ga shi ruwan Legas akwai gishiri. Tsatsa ta kama boris, boris ya yi lako-lako, giyar da yake riƙe da ita ta kauce daga mazauninta, haƙora su daina haɗuwa a tsakiya su koma cizo da baki-baki. Ranar da ta watse muku a ruwa, ranar jana'iza ce kawai. Ciwon ya daɗe.

Ƙofofin da ruwa ke bi ba su da yawa. Ta farko, kuma wadda na fi gani, ita ce sil ɗin bayan farfela, wato zoben robar da ke hana mai fita, ya hana ruwa shiga. Ba zan manta wata ƙafa da aka kawo mini a wani gareji da na yi aiki a bakin ruwa ba. Mai jirgin ya rantse bai taɓa dukan komai ba, kuma gaskiyarsa. Da na cire farfela da washar bayanta, sai ga zaren kamun kifi na nailan ya naɗe sandar, zafi ya narkar da shi ya zama zobe mai tauri kamar awarwaro. Sai da na sa bakin wuƙa na ɓamɓare shi. A ƙarƙashinsa leɓen sil ɗin ya yanke, har zaren ya yi wa ƙarfen sandar shata. Zaren da bai kai kuɗin shayi ba shi ya ci giyoyi uku da boris. Daga waje ba ka ganinsa ko ka leƙa, dole sai an cire farfela. Kai da kake bin ruwan da masunta ke zuba koma ga ledoji ga igiyoyi suna yawo, ka mayar da cire farfela al'ada, ko da sau ɗaya a wata, ka goge sandar ka shafa mata giris ka mayar.

Ƙofa ta biyu tana ba ni haushi saboda arharta. Notin zubar da mai da na shan iska kowanne yana da 'yar washa mai laushi a wuyansa. Sau ɗaya ake ɗaure ta. Duk wanda ya canza mai ya mayar da tsohuwar washa, ko ta faɗi bai kula ba, ya bar wa ruwa ƙofa a buɗe. Sauran ƙofofin su ne sil ɗin da ke ƙarƙashin famfon ruwa da na sandar sa giya, waɗannan aikin bakanike ne.

Yanzu ga abin da ya sa ban yarda da maganar jabu ba kai tsaye. Akwai jabu a kasuwa, ba na musu. Amma man ya fito fari a karo na farko, ya sake fitowa fari a na biyu. Ruwa ba ya tsami banza. An canza giyoyin da suka mutu, ba a nemi abin da ya kashe su ba. Ka tambayi bakanikenku cikin ladabi, ba da faɗa ba: bayan ya haɗa ƙafar, ya gwada ta da iska kafin ya zuba mai? Ana ɗaura ɗan famfo mai geji a ramin noti, a hura iska kaɗan, kamar geji 10 zuwa 15 a ma'aunin masu faci, a zuba ido. In allurar ta sauka, akwai yoyo, sai a bi da ruwan sabulu a ga inda ke kumfa. Sannan a juya a zuƙe iskar, domin akwai sil ɗin da ke hana mai fita amma yana barin ruwa ya shiga. Aikin minti 20 ne.

Tambaya ta biyu da za ka yi masa ita ce ta shim, wato 'yan washoshin nan sirara kamar takarda da ake jerawa bayan boris don giya ta zauna daidai da 'yar'uwarta. Sabuwar giya ba dole ta zauna a kan shim ɗin tsohuwa ba. Sai an auna tsayin ƙaramar giyar, an auna ɗan wasan da ke tsakanin haƙora da geji mai allura, an shafa launi an juya an ga inda suke taɓa juna. Wanda ya haɗa da ido da jin hannu, ko kayan asali aka ba shi za su yi kuka su mutu da wuri. Haka nan ba a aurar da sabuwar giya ga tsohuwa, saiti guda ake canzawa. Kuma in giya ta watse, garin ƙarfenta yana shiga kowane lungu, har hanyar man da ke haɗa sama da ƙasa da tiyon da ke zuwa gorar mai ta cikin jirgi. In ba a wanke su tas ba, sabon mai zai kwaso tsohon yashin ƙarfe ya kai wa sabon boris.

Ba zan wanke ka gaba ɗaya ba ɗana, domin akwai rabon direba, kuma gara ka ji daga bakina. Alpha One ba ta da kuloci irin na mota. Wani ƙarfe ne mai haƙora gaba da baya yake zamewa a kan sandar farfela, ya cafki giyar gaba ko ta ribas alhali suna juyawa. Yana son a sa shi kai tsaye, a ji ƙas sau ɗaya. Direbobi da yawa saboda tausayin inji sai su riƙa tura hannun a hankali, ka ji ƙarrrr, su ɗauka lallashi ne, alhali bakin haƙoran suke fiƙewa. Ka sa giya inji na sulo, juyi 600 zuwa 700 a minti, ka tsaya a firi na ɗan numfashi kafin ka koma ribas. In kuma ka ga inji na mutuwa duk sanda ka taɓa giya, a duba wayar giya ta ƙasa da ɗan makunnin da ke katse wuta na ƙiftawar ido lokacin fitar da giya. Kada a ƙara sulo don a rufe matsalar.

Sai wurin igiyar ruwa. In kun nufi Tarkwa Bay kuna ratsa bakin mashigar manyan jiragen Apapa, jirgi na tsalle. Duk sanda farfela ta fita daga ruwa, nauyi ya sauka, inji ya zabura, tana komawa ruwa kuma ta ci birki lokaci guda. Wannan bugun a kan haƙori ɗaya ko biyu yake ƙarewa. Hannunka ya zauna a kan totur, jirgi na tashi ka sassauta, yana sauka ka mayar. Na san baƙin maigida suna son a tashi sama ana ihu, amma kai za a tuhuma. Kada kuma ka ba da wuta ƙafa na ɗage sama sosai, kuros ne ke shan wahalar.

Rabon maigida shi ne sabis da lodi. Man giya ana canza shi duk awa 100 ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa, bayan garambawul kuma a canza a awa 20 na farko. A ruwa irin naku ni ba na jiran awa 100. Duk wata in an ɗaga jirgi, sassauta notin ƙasa ka tari ɗigo biyu-uku a farar takarda. In ruwa ya fara fitowa ko ka ga fari, kada jirgin ya koma ruwa. Dubi maganaɗisun da ke bakin notin: baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne, amma in ka murza a yatsa ka ji tsini ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, a buɗe ƙafar. In man ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ne ko ƙarancin mai, kuma giyoyin sama ne ke fara ƙonewa domin su ne mai ke fara bari in ya ragu. Wajen zubawa, ta ramin ƙasa ake tura mai da famfo har ya ɓullo ta ramin sama, a rufe na sama tukuna sannan na ƙasa. Bayan fita ta farko ka sake duba gorar, takan sauka saboda iskar da ta maƙale. Game da lodi, in ka buɗe wuta duka injin 4.3 ya kamata ya kai juyi 4,400 zuwa 4,800. In ba ya kaiwa, farfelar ta yi masa girma ko mutane sun yi yawa.

Ka kai wa maigida wannan shafi, ka roƙe shi alfarma ɗaya: a yi gwajin iskar nan a gabansa kafin a sayi ko noti.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da Yamaha mai doki 40, ina jigilar mutane da kaya ranar kasuwa a tafkin Kainji. In na ba da wuta sai in ji gaf kamar na daki itace, jirgin ya yi tsalle ya ci gaba, alhali ban daki komai ba. Ƙanina kuma ya ce mu yi wa farfela walda saboda robar cikinta tana sulɓewa. Daga wani mai jirgi a Ngaski.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Wannan gaf ɗin giya ce ke kuɓucewa tana sake kamawa. Bakin haƙoran ƙarfen nan mai zamewa da na giyar gaba sun dakushe, ko kuma sandar sa giya ba ta tura shi har ƙarshe. Fara da saitin sandar, shi ne mai sauƙi. In bai daina ba a buɗe yanzu, tun abu biyu ne za a canza. Kowane gaf da ka ji yana ƙara maka kuɗin gyara, kuma ba na so ta sake ka a tsakiyar tafki da mata da yara a jirgi iska na tasowa.

Walda kuwa ina roƙonka don Allah kada ku yi. Da gangan aka sa robar nan. Kainji tun da aka datse kogin a 1968 ruwa ya rufe itatuwa da duwatsu, in ruwa ya ja baya kai ka fi ni sanin kututturan da ke ƙasa. Ranar da farfela ta daki ɗaya, robar ce ke sulɓewa ta shanye bugun. In kun mayar da ita ƙarfe ɗaya, bugun zai wuce kai tsaye zuwa sanda da haƙoran giya. A sa sabuwar roba ko a sayi wata farfelar. Haka ƙananan injina masu ɗan fil ɗin da ke karyewa, kada a musanya shi da ƙusa.

TAMBAYA: Baba in man giya ya yanke a ƙauye, zan iya zuba baƙin man inji? Daga wani matashi a Lokoja.

AMSA: A'a ɗana. Baƙin mai ba a yi shi don matsin haƙoran giya ba, matsewa ɗaya zai tsere daga tsakaninsu. Man giya lamba 90 ake so, wanda aka rubuta na jirgin ruwa ne, domin shi yana iya jure ɗan ruwa kafin ya lalace. In ka rasa shi sam, man giyar mota lamba 90 zai kai ka gida, kana isa ka zubar ka sa na asali. Ka riƙa ajiye gora ɗaya da washa huɗu a akwatin sifanunka.