Amsa: tiyon da ke zamewa daga bakin tukunya

Malam, ka ce duk lokacin da ka kunna famfo don ruwan tsiro, wato hatsin da aka tsirar don dafa giya, ya riƙa zagayawa, sai tiyon ya zame daga tukunya ya watsa maka ruwan zafi. Fara duba tiyon kansa. In na roba ne irin na ban ruwa, da zafi ya kai digiri 65 zuwa 68 na ma'aunin Celsius, inda ake jiƙa tsiro, zai yi laushi ya saki, kome ɗaurin da ka yi masa. Nemi na silikon mai kauri, mai faɗin rabin inci. Shi ko tafasa ba ta dame shi ba.

A wajen famfo, tura tiyon ya haye duk tsinin bututun, sannan ka matse da kilif mai sukurori wanda ba ya tsatsa. Kada ka matse da ƙarfi, yana yanka silikon.

A sama kuwa, ni ba na yarda da waya ko igiya. Lanƙwasa guntun bututun jan ƙarfe kamar ƙugiya, ka rataya a bakin tukunya, ka sa tiyon a ƙarshensa na waje. Bakin bututun da ke cikin tukunya ya nutse kaɗan a ruwan, kada ruwan ya riƙa fantsama yana tona rami a tsiron.