Hukuncin Haɗa Wa Tsohon Da Ba Musulmi Ba Abin Sha Mai Wiski

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Glasgo ta ƙasar Sikotland, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Akwai wani dattijo Kirista, mutumin kirki, da nake zuwa wurinsa da yamma. Tun da kaka ta shigo aka fara sanyi yake roƙona in haɗa masa abin da suke kira hot todi kafin ya kwanta: ruwan zafi, zuma, lemon tsami, kirfa da kanumfari, sai a tsiyaya wiski kaɗan. Hannunsa na rawa, ba ya iya ɗaukar buta. Ya ce maganin mura ne, wai kuma zafin ruwan yana kore giyar. Ni ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba, amma na haɗa masa a baya. Ya halatta in ci gaba? Idan na yi wa kaina irinsa ba wiski fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya yi wa nemanki albarka. Bai halatta ki tsiyaya wiskin ba, ko ki gauraya shi, ko ki miƙa masa kofin bayan an zuba. Amma aikinki halal ne, kada ki bar shi, kuma kada ki rage wa tsohon nan komai na kyautatawa.

Mu fara da shi kansa wiskin. Daga hatsi ake yinsa, sha'ir ko masara ko alkama. A jiƙa, a bari ya tsima, sannan a tace shi ta hanyar tururi har ƙarfinsa ya ninka. A dokar ƙasar da kike zaune, sai ya shekara 3 a gangar itace kuma barasar cikinsa ta kai kashi 40 cikin ɗari kafin a kira shi da wannan suna. Kasancewarsa ba daga inabi ba bai fitar da shi daga giyar da Allah Ya haramta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91 ba. Sayyidina Umar ya faɗa a kan mumbari cewa haramcin ya sauka alhali ana yin giya daga abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, ya kuma ce giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Bukhari ya ruwaito wannan. A ruwayar Muslim daga Ibn Umar, Annabi (SAW) ya ce duk mai sa maye giya ne, kuma duk giya haram ce. Maganar "kaɗan ne" ita ma an rufe ƙofarta, domin hadisin Jabir a wurin Abu Dawud da Tirmizi ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Haka duk wanda ya karanta Risala a zaure ya haddace.

Batun cewa zafi na kore giyar, wannan kuskure ne da ya yaɗu. Gaskiya ne barasa tana tafasa kafin ruwa, a wajen digiri 78, amma ba nan take take guduwa ba. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1992 ya nuna cewa idan aka zuba giya a ruwa mai tafasa aka sauke daga wuta, kusan kashi 85 cikin ɗari na barasar yana nan. Ko an bar shi yana ɓararraka minti 15, kusan kashi 40 ne ke saura. Shi kuwa wannan abin sha ba a ma dafa shi, a kofi ake tsiyayawa. Da zafi yana kore ta, ai da ba wanda zai ɓata kuɗinsa ya zuba. Zancen magani kuma, Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Annabi (SAW) cewa don magani yake yinta, sai ya ce masa ita ba magani ba ce, cuta ce. Abin da ke sanyaya maƙogwaron tsohon shi ne zumar da ruwan ɗumin.

Yanzu ga ainihin tambayarki: ba ke za ki sha ba, kuma shi addininsa bai hana shi ba. Na fahimci nauyin da kike ji, domin kunyar tsoho mara ƙarfi tana da wuyar turewa. Sai dai hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta game da giya, mashayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai saya wa wani, da mai shayar da ita. Wanda ya auna ya zuba ya miƙa, shi ne mai shayarwa, kuma hadisin bai ce sai idan mai shan Musulmi ne ba. An ruwaito cewa Imam Abu Hanifa ya sauƙaƙa wajen ɗaukar wa Kirista giya a kan lada, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa, Malik da Shafi'i kuma sun hana. Ko a wannan sauƙin ma, dako ake magana, ba haɗawa da shayarwa ba. Ban ga maki mafita ta nan ba.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki yi masa magana da rana, ba lokacin da ya riga ya miƙo kofi ba. Ki ce masa addininki ya hana ki taɓa giya, kuma wannan ba raini ba ne gare shi. Ki sanar da shugabanki a wurin aiki don a rubuta. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu. Sanarwar ma tana da wani amfanin, tunda giya ba ta jituwa da magunguna da yawa da tsofaffi ke sha.

Ki dafa masa ruwan zuma da lemo da citta, cikakken abin sha ne na halal, ki ajiye masa. Idan bayan kin tafi ya ɗauko kwalbarsa, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba a ɗora maki binciken kabad ɗinsa ba. Amma idan ya ce ƙarara ki haɗa ki bar wurin wiski, ko ki miƙo kwalbar, ko ki sayo ta cikin cefane, to ki ba shi haƙuri, domin wannan taimako ne a kan saɓo, wanda aya ta 2 ta Ma'ida ta hana. Idan ya fara sha kina nan, ki tashi daga teburin ki kama wani aikin, sai fa in barinsa shi kaɗai zai jawo masa faɗuwa ko rauni.

Na baya kuwa, ki tuba ki nemi gafara, shi ke nan. Albashinki na wanka da girki da ba da magani ne, halal ne. In kin fitar da ɗan wani abu sadaka gwargwadon wancan aikin don zuciyarki ta natsu, ya yi kyau.

Wanda za ki yi wa kanki ba wiski halal ne, ki sha da ɗuminsa. Ki tafasa citta da sandar kirfa da ƙwayar kanumfari uku ko huɗu, ki sauke, ki matsa lemo, ki sa zuma. In kina son tuffa, ki sayi ruwan tuffa zalla, domin abin shan tuffa da ake sayarwa da sunan "saida" (cider) a Birtaniya giya ce. Haka ƙaramar kwalbar Angostura da suke ɗigawa don ɗaci, barasarta ta haura kashi 44. Kwalaben da ake yi da kamannin wiski a ce babu barasa, wasunsu na ɗauke da har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, malamai sun saɓa a kansu, ni dai ina ganin barinsu ya fi. Kuma kada a shirya zaman shan a kan siffar mashaya, da irin kofunansu da karo kofi da kofi. Imam Gazali ya ambata cewa ko abin shan halal ne, kwaikwayon zaman 'yan giya yana sa a hana shi.

Wallahu a'alam.