Man fetur ne ya kashe noman auduga a ƙasar Zazzau?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko man fetur ne ya kashe noman auduga a ƙasar Zazzau. Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba.

Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma Turawa sun shimfiɗa layin ne musamman don kwasar auduga zuwa Ingila. Duk da haka manomi ya samu kasuwa tabbatacciya: a ba shi iri, a auna kayansa a kan sikeli yana kallo, a biya shi. Masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, cibiyar binciken noma ta Samaru kuma tana fitar da ingantaccen iri.

Da kuɗin mai suka kwararo bayan 1973, gwamnati ta yi watsi da gona. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne 1986, zamanin SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ba a kafa madadinsu ba. Manomi ya tara buhunan auduga a zaure, ba mai tayawa da daraja. Ga rashin wuta, ga atamfar fasa-ƙwauri, masaƙu suka riƙa rufewa. Dole manoman Giwa da Soba suka koma masara.