Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoto a Bakin Tafkin Ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a bukukuwan aure da na suna a wani ƙauye kusa da Ringim. Yayana da ke karatu a Thunder Bay ta ƙasar Kanada ya gayyace ni in ziyarce shi a watan Janairu, kuma ya ce garin a bakin wani katafaren tafki yake. Ina son in ɗauki hoton sararin samaniya da ƙanƙarar bakin ruwa. Wane shiri zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya. Tafkin da yayanka yake nufi shi ne Superior, wanda ke tsakanin Kanada da Amurka, kuma babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi faɗi a duniya, domin ya haura murabba'in kilomita 82,000, wato kusan ninki biyu na jihohin Kano da Jigawa a haɗe. Saboda girmansa da zurfinsa, wanda ya wuce mita 400 a wani wurin, da wuya ya daskare gaba ɗaya, sai dai gaɓarsa da lungunansa.

Abin da zai fara ba ka wahala shi ne awon haske, kuma ka riga ka san matsalar daga wurin aiki. Idan ango ya sa farar shadda ya tsaya a rana, kyamara takan rage haske da kanta, rigar ta fito ruwan toka, fuskar kuma ta yi duhu. Haka take yi wa dusar ƙanƙara, domin an ƙera ma'auninta ne ya ɗauki duk abin da ya gani a matsayin mai matsakaicin haske. Maganinsa shi ne ka ƙara hasken da hannunka zuwa +1, wani lokacin har +2, sannan ka duba hoton ka tabbatar farin bai ƙone ba, wato har yanzu ana ganin tsagar ƙanƙara da ƙananan tuddanta. Inuwa a kan ƙanƙara takan fito shuɗiya, kuma a ganina bai kamata ka goge shuɗin duka ba wajen gyara, domin shi ne yake sa mai kallo ya ji sanyin wurin.

A Janairu rana ba ta fitowa a can sai wajen tara saura, kuma da an wuce biyar na yamma ta faɗi, amma da yake ba ta hawa tsakiyar sama, haskenta yakan daɗe yana da taushi. Gaɓar garin tana fuskantar gabas, saboda haka ka fita bayan sallar asuba ka jira hudowarta. Idan aka tashi da tsananin sanyi, iska mai sanyi takan bi ta kan ruwan da bai daskare ba, sai tururi ya riƙa tashi daga tafkin, hasken rana kuma ya rina shi ja da ruwan ɗorawa. Wannan shi ne hoton da nake so ka yi wa haƙuri, ko da za ka yi ta komawa.

Sanyin kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, kuma a irin wannan yanayi batir yakan mutu da wuri. Ka riƙe guda biyu ko uku a aljihun ciki inda ɗumin jikinka zai same su. Kafin ka shiga gida, ka sa kyamarar a cikin leda ka ɗaure bakinta tun kana waje, ka bar ta ta yi awa ɗaya ko biyu a ɗaki, domin idan ta shiga ɗumi kai tsaye za ta yi gumi ciki da waje, kuma ruwan yana lalata ta. Ka sa siririyar safar hannu a ƙarƙashin mai kauri, kada ka taɓa ƙarfe da hannu tsirara.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙarar bakin gaɓa. Igiyar ruwa ce take tara ta tudu-tudu har ta yi kama da tsandauri, alhali ƙarƙashinta ruwa ne, da ramukan da dusa ta rufe, kuma wanda ya rufta da wuya ya iya fitowa da kansa. Ina roƙonka, Malam, ka tsaya a kan dutse ko ƙasa, ka jawo abin da ke nesa da dogon gilashin kyamararka. Ka nemi ƙarafan da ake ɗaurawa a tafin takalmi don hana santsi, ka tambayi mutanen gari inda ake takawa, kuma duk fitar da za ka yi, ka tafi tare da yayanka.