Amsa: Me ya sa lissafin amoniya ke gaza abin da na'ura ta auna?

Malam, ka ce lissafinka na amoniya, iskar nan mai kaifin wari da ke tashi daga kashin kajin ƙwai, kullum yana ƙasa da abin da na'ura ke nunawa. Ni zargina kan danshi yake. Kaza ba amoniya take fitarwa ba, farin nan da ke kan kashin yurik asid ne, sai ƙwayoyin cuta sun rusa shi amoniya ke fita. Ba sa aiki sosai sai da jiƙa da ɗumi. Bakin bututu ɗaya na ruwan shan kaji da ke ɗiga ƙarƙashin keji ya isa ya dagula maka lissafin layin gaba ɗaya. Ka auna danshin kashin a wurare uku ko huɗu, kada ka ɗauki adadi ɗaya.

Ka saka pH na kashin ma a lissafin, wato ma'aunin tsami ko kanwar abu. Da ya haura 8 amoniya take fara tashi sosai, a wajen 9.25 kuwa rabinta ta koma siffar da ke iya tashi cikin iska.

Amoniyar da ke fita daga ɗaki ita ce yawan iskar da ke wucewa sau bambancin amoniyar ciki da ta waje. A zafin digiri 25, ppm 1 (kashi ɗaya cikin miliyan) na amoniya kusan miligiram 0.7 ne a kowace kubik mita. Ɗakunanmu masu raga a gefe ba su da fanka, sai a ƙiyasta iskar da CO2, wato iskar da kaji ke fitarwa wajen numfashi, amma tulin kashin ma yana fitar da shi, ka saka nasa kason a lissafin.