Amsar tambayar Hajiya a kan kalmar "calm" (muryar da aka rubuta wa waɗanda ba su da data)

Salamu alaikum 'yan uwa, an wuni lafiya? Hajiya, na ji saƙonki tun ɗazu, ina bisa hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce an ba 'yarki aikin gida ta kawo ma'anar calm da kuma asalinta, sai ga shi wasu sun yi caraf sun ce ai shiru ne, a wuce wurin. To ba shiru ba ne. Kuma ni a nawa ganin ba ma'anar ce ta dame ki ba, so kike ki san me ya raba ta da quiet, don a nan yara suke tuntuɓe.

Quiet abin kunne ne. Calm kuwa maganar motsi ce, ko na iska, ko na ruwa, ko na zuciya. Malami ya shigo aji da dorina a hannu, kowa ya yi tsit, ko tari ba a ji, wannan quiet ne. Amma ƙirjin kowane yaro yana dukan uku-uku, ina calm a nan? Babu. Mu da Hausa cewa muke iska ta lafa, ruwa ya kwanta, mutum ya natsu, hankalinsa a kwance. Duk waɗannan calm ne.

Asalin ne zai ba ki mamaki. Kalmar nan da kowa yake jin ta kamar sanyi-sanyi, daga zafi ta fito. Girkawa suna da kauma, wato zafin rana mai ƙuna, daga aikatau kaiein, a ƙona abu. Tushen da ya ba Turanci caustic ke nan, waccan sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, mai cin hannu. Latin ya ara ya mai da ita cauma, har tana cikin tsohuwar fassarar Baibul ta Latin, a littafin Ayuba, inda yake cewa ƙasusuwansa sun bushe don zafi. Daga nan ta shiga Turanci... a'a, bari in bi a hankali, ba kai tsaye ba. Sai da ta biya ta Italiya ta zama calma, ta ratsa Faransa ta zama calme, sannan ta tsallaka Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 14. Harafin l ɗin nan ma a hanya ta tsince shi, masana suna ganin daga calere ne, wata kalmar Latin da ita ma ke nufin yin zafi.

Yanzu wani zai ce yaya aka yi zafi ya koma natsuwa? Haba jama'a, mu za a tambaya wannan? Ku tuna watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana. Ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Akuya ta manne a gindin katanga tana neman 'yar inuwar da ba ta kai tafin hannu ba, kaza ta wangale baki ta saki fukafukai, mai shago ya kishingiɗa a kan benci. Ba wanda ya ce a yi shiru, rana ce ta kwantar da kowa. To haka yake a ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Tsakar rana makiyayi ya kai garke inuwa, aiki ya tsaya, iska ta ɗauke. Sunan zafin sai ya koma sunan hutun da zafin ya tilasta, daga baya ya koma sunan lafawar kanta. Mu muna da ƙailula da muka samo daga Larabci, mutanen Sifen suna da siesta, ita kuma daga sexta take, awa ta shida bayan fitowar rana.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin zauren nan, ku ma kuna da kaso. Chômage ɗin nan na Faransanci da kuke faɗa, zaman rashin aiki, tushensu ɗaya da calm. Daga kalmar Latin caumare ne, wato a huta lokacin zafin rana. Hutun tsakar rana ne ya yi tsawo har ya zama zaman kashe wando.

Abin da mutane ba su sani ba, wajen matuƙan jirgin ruwa na da, masu tafiya da ƙarfin iska, calm ba albishir ba ne. Iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar teku, ruwan sha na ƙarewa, ba gaba ba baya. Wani sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska a 1805, har yau ana amfani da shi, daga 0 zuwa 12. Sifilin nan sunansa calm, alamarsa a tudu ita ce ka ga hayaƙi ya miƙe sama sak bai karkata ba.

Sai furuci, kuma a nan ne nake da tsohon ciwo. L ɗin nan ba a faɗinsa. Kaam ake cewa, a ja wasalin, kamar palm, kamar half. Muna aji biyu na sakandare wani malami, ba zan kama suna ba, Allah Ya jiƙan na gaba, ya sa ni karatu a gaban aji. Na ce kaam, yadda na ji a rediyon babanmu. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce wato ni zan koya masa Turanci, harafi yana rubuce ƙiri-ƙiri in haɗiye shi? Ya sa na yi kneel down a kan tsakuwa, hannu sama, har aka tashi tara. Ƙamus yana kan teburinsa fa, mai jan bango, buɗewa kawai zai yi. Bai buɗe ba. Kuma 'yan ajinmu da suka yi ta dariya, biyu suna cikin zauren nan suna saurare, sun san kansu. To, in za a yi adalci akwai Amurkawa da ke ɗan taɓa l ɗin, amma shi ba don Amurka ya yi ba, gani ya yi an rubuta. Yanzu kuma abin ya juye, a Facebook sai ka ga an rubuta come down ana nufin calm down. Ya sauko daga ina? Kan bishiya yake?

Akwai ma hoton nan na Keep Calm and Carry On da ake bugawa a riguna, gwamnatin Birtaniya ce ta buga shi a 1939 gab da yaƙin duniya na biyu, kusan ba a ma liƙa shi ba sai da aka tsinto kwafi a wani kantin tsofaffin littattafai a 2000... bar wannan, zai ja mu nesa.

Quiet dai daga Latin quies take, hutu, dangin quit da acquit. Ba ruwanta da Girka, ba ruwanta da zafi.

Saboda haka Hajiya, ki ce ta rubuta ma'ana biyu, ta yanayi da ta mutum, kowacce da jimlarta, sannan ta jero Girka, Latin, Italiya, Faransa, Ingila. In malaminta ya ce mata kalm, kada ta yi musu da shi, ta ba shi lambata.