Tsohuwar Jaguar Ko Datsun? Ku Fara Duba Lambar Shasi

Wani Alhaji daga Kano ya rubuto: "Tsakanin Jaguar E-Type da Toyota 2000GT, wacce ta fi gudu, wacce kuma ta fi riƙe daraja?"

Alhaji, in gudu ne Jaguar ce. Ta fito a 1961 da injin lita 3.8 mai silinda shida, kamfanin ya ce tana kai kilomita 240 a awa. Toyotar, wadda aka ƙera tare da Yamaha daga 1967 zuwa 1970, lita biyu ce, ƙarfin doki 150. Amma E-Type an yi sama da 70,000, ita kuwa 2000GT ba ta kai 400 ba, shi ya sa a 2013 aka sayar da ɗaya a Amurka a kan sama da dala miliyan ɗaya. Ka lissafa da canjin yau, sannan mu yi magana.

Wani saurayi daga Kaduna yana son sanin ko zai iya zuwa aiki kullum da Jensen Interceptor. Ɗana, injin Chrysler ne mai silinda takwas, sama da lita shida. Kai da ke sayen mai a galan? Wuce.

Wani ɗan kasuwa ya ce dillali ya turo masa hoton Nissan Skyline GT-R ta 1971 daga Japan, "kuɗin ya yi sauƙi, ana so in tura rabi yau." Malam, riƙe kuɗinka. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ana yawan yi wa wannan motar jabu. Ana ɗaukar Skyline gama-gari mai ƙofa biyu, a faɗaɗa mata bakin tayoyin baya, a manna fiffike da tambarin GT-R, a watsa fenti, sai ka rantse ita ce. A Japan ba ɓoyewa ake yi ba, sha'awa ce kawai. Sai ta faɗa hannun ɗan kamasho take zama ta asali. Ta gaskiyar injin S20 gare ta, lambar shasinta kuma da KPGC10 take farawa. A buɗe bonet a nuna maka a bidiyo, kana kallo. Motocin Ingila ma ba su tsira ba: ana canza inji, ana toshe tsatsa da siminti na fenta, har maganaɗisu ya ƙi kama ƙasan ƙofa. Jaguar dai akwai takardar shaida da ake nema daga ma'ajiyar tarihinta a Ingila, mai nuna lambar inji da launin da motar ta fito da shi. Abin da ke ba ni haushi, mutumin da zai buɗe bakin rago ya duba haƙora kafin Sallah, shi ne zai tura miliyoyi a kan hoto guda. Kuma kar ka manta, motar cikin gidan Japan ko Ingila sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu, ga kwastam da dokar shekarun mota suna jiranka a Legas.

Wata baiwar Allah daga Jos ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar Datsun 240Z a gareji, bakanike ya taya a kuɗin tsohon ƙarfe, ita kuma zuciyarta ba ta kwanta ba. Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Irin wannan mota ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, kuma masu nemanta suna da yawa a waje. Kada a tayar da ita da tsohon mai, kada a yi mata fenti, kada a cire ko da kafireto. Ki ɗaga shimfiɗar ƙasa ki duba tsatsa, ki duba ƙarƙashin batir, ki ɗauki hoton lambar shasi da ta inji, ki ajiye takardun Baba a wurinki har a zauna rabon gado.